Mutumin Mairuwa

Ni ɗan fari ne, kuma duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu na wajen Mabai ya san abin da hakan ke nufi. Ana yaye ni kakata ta ɗauke ni, a ɗakinta na girma. Matar da ta haife ni tana nan cikin gidan, ina jin dakanta, ina cin tuwonta, amma ba ta taɓa duban tsabar idona ba, ba ta kuma taɓa kama sunana ba. Na ji ƙannenta suna ce mata Yaya in sun zo ganinta, ni ma na bi bakinsu, ga shi har na yi furfura ban iya kiranta da wani abu ba. In tana da magana da ni, sai ta gaya wa wanda ke kusa, ko da kuwa ina tsaye a gabanta. In babu kowa, akuya ma ta isa. Na sha jin ta tana shaida wa akuya cewa akwai mutanen da ba su san rana ta faɗi ba balle su shigo da itace, ni kuwa sai in tashi sumui-sumui in je in shigo da shi.

Ban taɓa ɗaukar abin a matsayin ƙiyayya ba. Kunya ce, kuma matan zamaninsu da ita suke ado. Lokacin da ƙyanda ta kwantar da ni, an ce ta daina cin abinci har sai da na tashi, amma ko leƙen ɗakin ba ta yi ba. Da na kama aikin koyarwa, aka yi ta yawo da ni daga wannan makaranta zuwa waccan har na yada zango a Mairuwa na yi gida, sai ta samo mini suna: mutumin Mairuwa. Da shi take aiko mini da gaisuwa, da shi take aiko mini da faɗa.

Bayan rasuwar babanmu ta ci gaba da zama a ɗakinta, autanmu da iyalinsa suna gefe. Sai 'yan bindiga suka hana noma, suka hana barci, ƙauyen ya riƙa watsewa gida-gida. Autan ya kwashi 'ya'yansa ya yi Kudu neman abin da za su ci. Ƙanwata tana aure a Sabuwa, amma gidan mijinta ya cika da dangin da suka gudo, har zaure sai da aka raba shi da labule. Ni ne mai ɗaki a buɗe, har na sa an yi masa sabon shafe. Amsa ta zo ta bakin ƙanwata a waya: wai a gaya wa mutumin Mairuwa an gode, amma ita ba za ta kwana ƙarƙashin rufinsa ba, ba za ta miƙa hannu ta karɓi tuwon matarsa ba, ba kuma za ta ɗauki buta ta ratsa tsakar gidansa yana zaune ba. Na yi fushi, na yi faɗa, duk a kunnen ƙanwata wadda ba ta ji ba ba ta gani ba. Tsohuwa dai ko gezau.

A lokacin ne aka ba mu labarin wani gida a Ƙanƙara. Wani attajirin hatsi ne, kafin ya rasu, ya bar sito-sitonsa na bayan kasuwa wakafi, ya ce a yanka su ɗaki-ɗaki a zaunar da tsofaffin matan da tashin hankali ya raba da ƙauyukansu. Gidan kashi biyu ne. Akwai layin waje, ɗakuna a jere ƙarƙashin rufin kwano ɗaya, kowace tsohuwa da ƙofarta, da makullinta, da murhunta a bakin ƙofa. Waɗannan su ake kira masu murhu. Su dafa abin da suka ga dama, su ci lokacin da suka ga dama, su je kasuwa, su je suna, ba mai tambayarsu. Sai kuma ciki, wani babban ɗaki mai gadaje inda mata biyu ke jinya. A can ba a hura wuta. Kwano ake kawo wa mutum, a yi masa wanka, a juya shi in ya gaji da kwanciya. Duk wadda ƙarfinta ko hankalinta ya gaza sai a mai da ita ciki, a ba wata ɗakinta, domin kullum akwai mai jira. Tunda aka buɗe gidan ba a taɓa ganin wadda ta shiga ciki ta dawo layin waje ba. Kowa ya san haka, shi ya sa masu murhu ko bi ta bakin ƙofar ba su son yi.

Mai kula da gidan wani dattijo ne da ya yi wa attajirin aiki shekara da shekaru, Malam kowa ke ce masa, mutum mai sanyin magana da ba a gane yana nufin a'a sai an fita. Shi ya ba Yaya ɗaki na kusa da ƙarshen layi. Na ɗauka za ta yi ta ƙunci, sai na ga ta murmure. Da kanta ta zagaya ta zaɓo duwatsun murhunta. Ta shuka yakuwa da kabewa a gindin katanga, ta sayi kaji, ta cika rufin da kuɓewar shanya. Ta aiko mini, ta bakin ƙanwata, cewa tun da aka kai ta gidan miji ba ta taɓa dafa miya daidai bakinta ba sai yanzu, kullum ana rage barkono saboda wani.

A ɗakin da ke maƙwabtaka da nata akwai wata tsohuwa da ta gudo daga wajen Faskari, mai sana'ar daddawa, baki gare ta kamar rediyon mai shayi. Ita kaɗai a gidan ta gano ko ni wane ne, tun zuwana na farko, da ta ga Yaya ta ja mayafi ta juya wa ƙofa baya. Sauran duk sun ɗauka ƙaninta ne ni, tunda Yaya nake ce mata, ga gemu fari fat. Ba mu gyara musu ba, domin gyarawar ma abin kunya ce. Mai daddawa ta zama tafintarmu ba tare da kowa ya roƙe ta ba.

In na zo, sai in zauna a kan benci a bakin ƙofa, ina kallon kaji. Yaya tana ciki, mai daddawa tana kan dokin ƙofa, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje. Yaya ta ce a tambayi mutumin Mairuwa yadda ya baro mutanen gidan. Mai daddawa ta juyo ta maimaita mini da ƙarfi, kamar ban ji ba. In ba da amsa, ta juya ta maimaita. Sai dai ba ta kai saƙo yadda aka ba ta, sai ta sa masa gishiri. In na ce a gaya wa Yaya ta rage ɗaukar ruwa da kanta, sai ta leƙa ta ce wai ya ce kin tsufa, kin zama kayan ajiya. Daga ciki sai in ji tsaki, a ce a gaya masa shi ma ya duba madubi. Ban taɓa hira da mahaifiyata mai daɗin wannan ba, duk da cewa ko kalma ɗaya ba ta faɗa mini ba.

Hanyar ce ke cin raina. Daga Mairuwa zuwa Ƙanƙara ba wata tafiya ba ce a da, yanzu kuwa sai mutum ya yi sallama da iyalinsa kamar mai zuwa hajji. A jira mota ta cika, a jira wasu motocin su taru a tafi tare, a jira wanda ya fito daga can ya ce hanya lafiya. Akwai wani yanki da in aka shiga, duk surutun mota sai ya mutu, kowa leɓensa na motsi. Kada la'asar ta same ka a hanya, in ta same ka ka jawo wa kanka. Ga ramuka, ga gwiwoyina da suka fara nasu ƙorafin. Na gaji, ba na ɓoyewa. Akwai ranakun da nake sauka a tasha in ji haushin tsohuwar nan ya taso mini har wuya, ga ɗaki can a gidana gizo-gizo na ta saƙa a ciki.

Farkon wata damina aka kira ni a waya, aka ce Yaya ta ƙone. Ta ɗora tukunya ta shiga ɗaki, ruwan ya ƙafe, hayaƙi ya turnuƙe layin, garin saukewa bakin zanenta ya kama, wuta ta lashe mata idon sawu. Ƙunar ba ta yi zurfi ba, amma a gidan nan wuta ba ƙaramar magana ba ce, tunda rufi ɗaya ne, azara ɗaya ce, kuma babu mai iya gudu. Ƙa'ida ce in haka ta faru, malamar asibitin da ke zuwa yi musu awon jini ta zauna da tsohuwar ta yi mata tambayoyi, ta gaya wa Malam ko hankalinta na nan. Abin da ta faɗa shi ke raba mai murhu da murhunta.

Ranar da aka sa, mai daddawa ba ta nan, ta tafi gaisuwar mutuwa. Malamar mace ce mai kirki, mai hankali, ta durƙusa ta gaishe da Yaya kamar kakarta. Ta ce in shigo in zauna. Ban taɓa zama ɗaki ɗaya da Yaya ba tun da na yi wayo, na raɓe a bakin ƙofa kamar wanda ya zo roƙon gafara. Aka tambaye ta yau wace rana, ta faɗa, har ta ƙara da cewa gobe kasuwa. Aka tambaye ta watan da ake ciki, ta faɗa. Aka tambaye ta ƙauyensu, ta lissafo har da garuruwan da ake ratsawa. Na fara sakin jiki.

Sai malamar ta tambayi sunan mijinta. Yaya ta sunkuyar da kai. Aka tambaye ta 'ya'yanta nawa, ta ce Allah ya ba da, ya kuma karɓi nasa. Macen ƙauyenmu ba ta ƙirga 'ya'yanta a gaban mutane, balle a gaban na farin. Malamar ta nuna ni.

"Hajiya, wanga hwa? Kin gane shi?"

"Mutumin Mairuwa ne," in ji Yaya, tana kallon bango.

"To mi ye sunanshi? Mi kuke da shi?"

Malamar ta sake tambaya a hankali, ta sake, Yaya tana murza bakin mayafinta. Sai malamar ta ɗago ta dube ni da irin kallon da ake yi wa mai zaman makoki. Magana ɗaya ce za ta warware komai, amma na buɗe baki harshena ya ƙi. In ce ita ta haife ni, tana zaune tana ji? Shekarun da na yi ina koya wa yara magana a gaban allo ba su amfane ni da komai ba a ɗakin nan.

Sai da muka fita zaure na gaya wa malamar cewa ni ne ɗan farin tsohuwar, a gaban Malam. Ta kama baki, ta yi salati, sannan dariya ta ƙwace mata. Ta ce kakarta ma haka take da babban kawunsu, ita dai gemun ne ya ruɗe ta. Ta ce in haka ne kuwa tsohuwa garau take. Malam bai yi dariya ba. Ya ce sunan miji daban, tukunyar da ta ƙone daban. Nan na hau, na ce wace mace ce ba ta taɓa ƙona tukunya ba, matata da ƙuruciyarta ma ta ƙona, a bar baiwar Allah ta ci barkononta cikin kwanciyar hankali. Ya bar ni na gama zuba, sannan ya ce za a bar ta zuwa bayan kaka, a sake dubawa.

"Amma fa," ya ce mini, "ka ga yau mun kusa yin kuskure, don ba mu san ta ba. Kai ka san ta. Ran da ka ga ta canza, kai za ka hwaɗa mani, ba ni zan hwaɗa maka ba."

Na amsa da sauri, don ina ganin ranar tana da nisa. Da zan tafi na tarar da ƙullin busasshiyar kuɓewa a kan benci. Wata tsohuwa ta ce Yaya ce ta ce a ba mutumin Mairuwa ya kai wa mutanen gidansa.

Damina ta yi nisa, hanya ta ƙara lalacewa, zuwana ya ragu. In na zo, mai daddawa tana nan kan dokin ƙofa tana zuba, sai dai na lura ita ke sauke tukunyar Yaya, ita ke ɗanɗana miyar kafin a zuba mini. Da na tambaye ta, sai ta ce tun yaushe maza suka fara sa ido a tukunya. Na bar maganar, domin amsar da nake so ke nan.

Bayan an gama yankan dawa aka sa ranar sake dubawa. Na yi sammako, na shigo layin da hantsi. Malam da malamar asibiti suna tsaye a bakin wani ɗaki, Yaya kuwa tana zaune a waje kan tabarma tana ɓarar gyaɗa, kanta ba ɗankwali. Na yi sallama ina shirin kawar da kai in ba ta damar shigewa. Ba ta shige ba. Ta ɗago ta dube ni a ido, fuskarta ta washe, ta kira sunana. Sunan da aka raɗa mini ranar suna, cikakke, da ƙarfi, kamar kullum tana kiransa.

"Ka iso? Zo ka zamna nan kusa da ni. Dubi yadda ka rame."

Ina yaro na sha kwanciya a ɗakin kakata ina ƙiyasta yadda sunan nan zai fito daga bakinta. Ga shi ya fito, kuma daɗinsa ya fi yadda na zata. Amma a lokaci guda na tuna maganar Malam. Na dubi mai daddawa, ta sunkuyar da kai tana tsintar abin da babu a tabarma. Malamar asibiti kuwa ta taho da fara'a, ta ce ai yau ba sai an yi tambaya ba, ga shi Hajiya ta gane ɗanta har da sunansa, jikin ya fi na da. Ta yi tambayoyinta duk da haka. Yaya ta faɗi ranar, ta faɗi sunan babanmu ba ko ɗar, ta jero 'ya'yanta da rayayyu da matattu, ni a kan gaba. Ba ta kuskure ko ɗaya ba. Malamar ta ce a bar mata ɗakinta, Malam ya gyaɗa kai, suka wuce ɗaki na gaba.

Na zauna a tabarmar. Ta kama wuyan hannuna ta riƙe, tafinta kaushi-kaushi, ban taɓa jin sa a jikina ba. Ta ba ni labarin ranar da ta haife ni, tun daga naƙuda har yanke cibiya, abubuwan da mace ba ta faɗa ko a gaban ƙanwarta. Ta ce da ƙyanda ta kama ni takan tsaya a bayan ɗakin kakata tana sauraren numfashina ta jikin bango. Ni kuma, dattijo da jikoki, na zauna ina haɗiye kuka kamar yaron da aka bai wa alewa bayan duka. Sai ta tambaye ni ko babanmu ya dawo daga gona.

Ta ce bari ta ɗuma mini ruwan alwala. Ta tashi, ta gyara itace, ta hura, wuta ta kama. Ta ɗauko butar roba cike da ruwa ta ɗora a kan murhu, ta dawo ta zauna ta ci gaba da labari. Na miƙa hannu na sauke butar, gindinta har ya fara narkewa.

Mai daddawa ta biyo ni har bakin zaure, ta sha gabana. Ban taɓa jin ta yi magana a hankali ba sai ranar.

"Ka bar mani ita. Ni na iya da ita, tun damina nike yi. Kowa ya ce lahiyarta lau, kai mi zai kai ka?"

Na tambaye ta ko ta ga butar. Ba ta gani ba, tana zaune taku kaɗan daga murhun. Idanunta sun yi yana tun bara, ita ma ɓoyewa take yi. Na dubi layin, tsofaffi a bakin ƙofofinsu, wata na tsefe kai, wata na gyangyaɗi, danga ta kara a tsakanin murhu da murhu. Na wuce na sami Malam na gaya masa cewa macen da na sani ba ta kiran sunana, wannan da ke kira wata ce. Ya ce babu gado a ciki yanzu, sai in an samu. Mu duka mun san hanya ɗaya ce gado ke samuwa a ciki.

Zaman jiran nan ya fi komai gajiyar da ni. Na koma zuwa a kai a kai, hanya ko ba hanya. Mai daddawa ta daina gaishe ni, amma ba ta daina gadin murhun ba. An ɗauke ashanar Yaya, sai dai wannan aikin banza ne, domin a layin nan ba a kunna wuta da ashana, ɗibarta ake yi a kasko daga murhun maƙwabciya, kuma babu tsohuwar da za ta hana 'yar'uwarta garwashi. Yaya tana ganina sai ta kira sunana, ta ja ni ɗaki, ta cika mini kwano, ta zauna tana kallon bakina ina ci. Ina jin kunya, ina jin daɗi, ina kuma jin kamar ina cin abin da ba a ba ni ba. In na koma gida matata ta tambaye ni jikin Yaya, sai in ce da sauƙi, in shige ɗaki in kwanta da takalmana.

Wata safiya Malam ya kira ya ce an yi rasuwa a ciki, in zo. Da na iso zaure na tarar da wata tsohuwa zaune a kan ƙullin kayanta, surukinta ya kawo ta daga wajen Sabuwa, ƙafafunta sun kumbura, ga tukunya ɗaya da muciya ɗaure a gefe. Ita aka yi wa alkawarin ɗakin Yaya. Ta gaishe ni da ladabi, ba ta san ko ni wane ne ba.

Tun daga nesa na ga bakin ƙofar Yaya a share tas. Wuta na ci daidai, tukunyar kunu a kai, ita kuma tana durƙushe tana damawa, ɗankwali a ɗaure tamau. Na yi sallama. Tana jin muryata ta saki ludayin, ta ja mayafi ta rufe kai, ta juya fuskarta bango.

Na zauna a benci. Na gane ta dawo. Ban san daga ina ba, ban san zuwa yaushe ba, amma wannan Yaya ce, wadda na sani, kuma ta san abin da ya kawo ni, domin a gidan nan labari ba ya kwana. Mai daddawa tana kan dokin ƙofa inda ta saba. Yaya ta yi magana a hankali, tana kallon bango.

"Ki ce ma mutumin Mairuwa, in wani laihi na yi, shi yi haƙuri. A bar mani murhuna."

Mai daddawa ba ta maimaita ba. Na dube ta, na ce a gaya wa Yaya ba laifi ta yi ba, a gaya mata a ciki za a kula da ita. Mai daddawa ta tashi ta kakkaɓe zanenta.

"Ga ka ga ta. Ni ba ni kai wanga saƙo."

Ta koma bakin ƙofarta ta zauna. Na yi tunanin tashi in je in ce wa Malam na janye, a mai da matar Sabuwa inda ta fito. Na yi tunanin butar, da dangar kara, da gobe, da jibi, da ranar da zan zo ta sake kiran sunana. Tunda nake ban taɓa fuskantar mahaifiyata da magana ba, kullum akwai wani a tsakani. Na miƙe, na matsa kusa, ina kallon ƙeyarta.

"Yaya, ki tashi mu shiga ciki."

Ba ta juyo ba. Sannan ta sa tsumma ta sauke tukunyar, ta zare itacen ɗaya bayan ɗaya, ta yayyafa musu ruwa har suka daina hayaƙi, ta jingine su a bango yadda mai zuwa za ta same su a bushe. Ta kwance makullin daga bakin zanenta ta ajiye a kan dokin ƙofa. Na miƙa hannu in tallafe ta, ta kauce. Ta bi layin da ƙafarta, tana ɗingisa ƙafar da ta ƙone, tsofaffin suna janye ƙafafunsu daga hanya. Da ta zo daidai mai daddawa sai ta tsaya.

"Kunun ya yi. A zuba ma mutumin Mairuwa, ya taho da nisa, na san bai karya ba."

Ɗaya daga cikin matan jinya ta ɗaga mata labule, ta shiga. Mai daddawa ta laluba ta zuba kunun a kwano ta dire a gabana ba tare da ta dube ni ba. Na zauna na sha. Tsamiya ta ji daidai, kauri daidai, babu gudaji ko ɗaya.